Yadda ake tsara ranar makaranta domin bakin yaran firamare ya buɗe

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar 'yan aji ɗaya da hantsi ya san sautin. Malam ya faɗa, yara su amsa da murya ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka. Daga waje sai ka rantse karatu ya kankama. Amma shiga ciki ka ware yaro guda, ka nuna masa baƙi ɗaya a tsakiyar allo ba bisa jerin da aka saba rerawa ba, ko ka ce ya gaya maka abin da ya gani a hanyarsa ta zuwa. Da yawa za su sunkuyar da kai suna wasa da bakin riga. Amshi yana ɓoye yaron da bai iya ba, kuma yana iya ɓoye shi har aji huɗu ba wanda ya farga.

Bakin yaro yana buɗewa ne da maganar da ya haɗa da kansa, wani ya saurare shi ya mayar masa. Karatu da rubutu a kan wannan maganar suke hawa. Don haka tambayar da ya kamata malamin aji ɗaya zuwa uku ya yi wa kansa idan an tashi ita ce: yara nawa ne suka furta jimlar kansu yau, ni kuma na ji? Abin da ke tafe tsarin yini guda ne, daga bakin ƙofa har ƙararrawar tashi. An yi shi ne da tunanin ajin da muka sani, mai cunkoso, mai ƙarancin littafi, wanda alli ma wani lokaci sai malam ya sa hannu a aljihu.

Fara da sanin waɗanda ke gabanka

A makon farko na zango, kafin ka buɗe manhaja, ka zauna da kowane yaro na minti biyu. Ba sauran yaran aikin zane, ka riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, goma ko sha biyar a rana. Abu uku kake nema. Wane harshe ake yi a gidansu? Ba kowane yaro da ke zaune a ajin Hausa ne ya tashi da Hausa ba. Akwai ɗan Fulani daga ruga, akwai Babarbare, akwai Banufe, akwai ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Na biyu, yana ji sosai? Tsaya a bayansa ka kira sunansa a hankali ka ga ko zai waiga. Na uku, me ya riga ya sani? Nuna masa baƙaƙe biyar a warwatse, sai gaɓoɓi kamar ba, ki, mu, sai kalma biyu, sai gajeriyar jimla. Inda ya tsaya, nan ne matsayinsa.

Rubuta sakamakon a bayan rajista, ka raba ajin gida uku: waɗanda ba su san baƙi ba, waɗanda suka san baƙi amma ba sa iya haɗawa, da waɗanda suka fara karanta kalma. Wannan dabara ta koyar da yaro daga inda yake ba daga inda shekarunsa suka ce ba, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma an gwada ta a makarantun Kano da Borno. Sa wa rukunonin sunayen da ba sa nuna fifiko, kamar Zaki da Giwa da Barewa. Ranar da ka kira wani rukuni “daƙiƙai”, ka gama rufe bakin yara ashirin da hannunka.

Sai wurin zama. Mai raunin ji da mai raunin gani su dawo gaba. Wanda bai iya Hausa ba ka haɗa shi da yaro mai surutu mai haƙuri, zai koya daga gare shi fiye da yadda zai koya daga gare ka. Kowane yaro ya san abokin zamansa, domin za ka riƙa cewa “juya ka gaya wa abokinka” sau da yawa a rana. Ka bar hanya a tsakiya da za ka iya ratsawa har bango na baya, ko da a ƙasa suke zaune.

Bakin ƙofa da asambuli

Tsaya a ƙofar aji yayin da suke shiga. Kowa ya gaishe ka, ka amsa ka ƙara tambaya ɗaya: Ina kwana, Malam. Lafiya lau, Hadiza, da me aka karya yau? Gaisuwar Hausa da ma doguwa ce, ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida, kuma darasin harshe ce da ba a biyan ko kwabo. Ba za ka iya tambayar kowa kullum ba, to ka riƙa juyawa, ka fi ba masu shiru.

A asambuli, bayan addu'a da taken ƙasa, hedimasta ya ware minti biyar na yara. Yau aji uku su kawo kacici-kacici, gobe aji biyu su yi waƙa, jibi yaro guda ya faɗi sanarwar makaranta da bakinsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya zama yaran nan uku da suka iya baki su ne kullum a gaba. Kowace makaranta tana da su, kuma su ne ake fitarwa idan baƙi sun zo daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Ba su ne ma'aunin makarantar ba.

Labarin safe

Da an zauna, minti goma na farko na labari ne. Jefa tambaya ɗaya da kowane yaro ke da amsarta: me ka gani a hanya, wa ya yi baƙo jiya, me ake sayarwa a kasuwar garinmu ranar ci. Kowa ya juya ya gaya wa abokinsa. Ajin zai cika da hayaniya, kuma malamin ajin da ke maƙwabtaka zai iya leƙowa ya ga ko lafiya. Lafiya lau. A cikin minti biyu duk ajin ya yi magana, abin da ɗaga hannu ba zai ba ka ba ko a mako guda.

Sannan ka zaɓi uku su faɗa wa aji, amma da dabara: kowa ya faɗi abin da abokinsa ya gaya masa. Wannan yana tilasta saurare, kuma yana sa yaro ya juya magana daga “na ga” zuwa “ya ce ya ga”, wanda nahawu ne tsantsa ba tare da an ambaci sunansa ba. Idan yaro ya ce “akuya”, kada ka karɓa ka wuce. Akuya ta yi me? Ta shiga gona. Gonar wa? Sai me ya faru? Ka mayar masa da cikakkiyar jimla: to, akuyar maƙwabta ta shiga gonar Baba ta ci wake, aka kore ta. Ɗauki jimla ɗaya daga cikin labaran ka rubuta a kusurwar allo da sunan mai ita, ka bar ta har a tashi. Yaron da ya ga maganarsa ta zama rubutu ya fahimci abin da rubutu yake, kuma za ka gan shi a lokacin tara yana nuna wa 'yan wani aji.

Kalma ɗaya game da karin harshe. Basakkwace zai ce hwara a maimakon fara, ya ce mi a maimakon me. Kada ka ce masa ya yi kuskure, domin bai yi ba, haka ake faɗa a gidansu. Ka ce: haka muke faɗa, ga kuma yadda ake rubutawa a littafi. Daidaitacciyar Hausa ta rubutu ce, za ta zo a hankali.

Darasin karatu

Nan ne zuciyar yinin, kuma a sa shi da safe kafin rana ta yi zafi, ciki ya fara kira. Idan jadawali ya ba ka minti talatin da biyar kacal, roƙi hedimasta ya haɗa maka darasi biyu a jere ko sau uku a mako.

Mu Hausawa mun yi sa'a a nan. Rubutun boko na Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula biyar ne, kuma yawancin gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Yaron da ya gane cewa m da a suna ba da ma ya samu mabuɗin da zai buɗe ɗaruruwan kalmomi. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu: a makarantar allo ma da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru. Yawancin yaranka suna zuwa allo ko Islamiyya da yamma, sun san cewa baƙi yana canza sauti idan an sa masa wasali. Yi amfani da wannan. Abin da za ka kula da shi kawai shi ne alkibla, domin wasu za su fara rubutu daga dama; sa ɗigo a gefen hagu na shafinsu ka ce daga nan ake tashi.

Ga yadda darasin yake tafiya. Fara da kunne, ba da ido ba. Faɗi kalmomi su tafa gaɓoɓinsu: ma-ka-ran-ta tafi huɗu, ra-ƙu-mi tafi uku. Su tafa sunayensu. Tambaye su wace kalma ce ta fara da sauti iri ɗaya da nama: nono ko kaza? Minti biyar ya isa.

Sai baƙin yau. Kada ka bi jerin a, b, c daga farko zuwa ƙarshe. Fara da baƙaƙen da suka fi yawa a magana, waɗanda za su ba ka kalma da wuri. Da a, n, m, k da i kaɗai yaro zai karanta nama, mama, kaka, makani, Amina, har ma da jimla: Amina na nan. Ƙara t da w, ga “Amina ta kai wa kaka nama”. Yaron da ya karanta jimla a makonni na farko ba ya ƙara ganin karatu a matsayin abin da sai manya. Koyar da sautin baƙin, ba sunansa na Turanci ba. Wanda aka koya wa cewa wannan baƙin sunansa “em”, idan ya ga ma zai ce “em-e”, kuma sai ka yi wata guda kana warware abin da aka ɗaure.

Kowane sabon abu ya bi matakai uku: in yi, mu yi, ku yi. Ka yi su gani, ku yi tare, sannan su yi su kaɗai. Wannan shi ne ginshiƙin shirye-shiryen karatun Hausa da aka gudanar a shekarun baya, irin su RANA a Katsina da Zamfara, da shirin da ya samar da littattafan Mu Karanta a Bauci da Sakkwato. Matsalar ita ce yawancinmu muna tsayawa a mataki na biyu, domin ya fi daɗin ji. Mataki na uku shi ne inda ake koyo. Kamar keke ne, ba a iya shi sai an sakar maka sirdi. A nan ne za ka daina nuna allo a jere, ka riƙa tsallake, ka kira layi ɗaya, sai benci ɗaya, sai yaro ɗaya.

Kayan aikin ba su da tsada. Yayyanka kwalin taliya ko na sabulu murabba'i-murabba'i, ka rubuta gaɓa ɗaya a kowanne da maka. Ba kowane rukuni tarin kwalaye su haɗa kalmomi: ka da za kaza, ka da sa kasa, sa da ka saka. Murafun kwalba ma suna yi, a rubuta baƙi a ciki. Masu rukunin farko su fita inuwa su rubuta baƙin a ƙasa da yatsa suna furta sautinsa, monita na kula da su, kai kana tare da na biyu, na uku suna karanta wa juna ɗan labari. Bayan minti goma a juya.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y da ts, suna buƙatar kulawa ta musamman, domin yanzu wayoyi sun sa manya ma sun daina rubuta su. Koyar da su bibbiyu da hoto. Zana kura a gefe, ƙura a gefe. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, kusa da ƙusa, fada da faɗa. Rubuta “kura ta shiga ɗaki” da “ƙura ta shiga ɗaki”, ka tambaye su a wanne za a gudu, a wanne za a ɗauko tsintsiya. Dariyar da za su yi ita ce za ta riƙe musu lanƙwasar. Tagwayen baƙaƙe irin su sh, ky, gw da ƙw ka bar su sai yara sun zauna a kan tilo. Kalmomin da rubutunsu ɗaya amma furucinsu daban, irin gado na kwanciya da gado na magada, ba sai ka yi dogon bayani ba: sa su a jimla, yaro Bahaushe zai raba su da kansa.

Rufe darasin da shifta gajeriya. Gaɓa uku, kalma biyu, jimla ɗaya. Zagaya ka duba a take, ba sai ka tara littattafai tamanin ka kai ofis ba.

Lokacin tara

Kada a hana yaro fita tara don ya kasa karatu. A filin wasa ne yaron da ya yi gum a aji yake sayen awara da baki, yana musu a kan wanda ya ci langa. Malamin da ke kan duti ya buɗe kunne, zai gane cewa wasu da ake zaton ba su da baki tsoron aji ne kawai ke damun su, maganinsu kuma daban ne. 'Yan mata su yi gaɗa da carafke, kuma waƙoƙin gaɗar nan ka rubuta ɗaya a babban kwali ka liƙa a aji. Abin da yaro ya riga ya haddace da baki yana da sauƙin bi da yatsa.

Tatsuniya da karatu a bayyane

Bayan tara jiki ya mutu, hankali ya watse, to lokacin tatsuniya ke nan. Ka ce “ga ta nan, ga ta nanku”, su ce “ta zo mu ji ta”, ka ga yadda aji zai yi tsit. (Za a samu wanda zai tuna maka cewa kakarsa ta hana tatsuniya da rana. Yabe shi, ka ce ya tambayo ta dalili ya kawo gobe. Ka samu labarin safe a ɓagas.)

Amma ba da tatsuniya a matsayin darasi ya bambanta da ba da ita a gindin murhu. Kafin ka fara, zaɓi kalmomi biyu ko uku da kake zaton ba su sani ba, kamar fatake, ko rumbu ga yaran birni, ka bayyana su da hoto ko kwaikwayo. A tsakiya ka tsaya: me kuke zaton Gizo zai yi yanzu? Juya ka gaya wa abokinka. Bayan ƙurunƙus, yi tambaya iri biyu. Akwai wadda amsarta ke cikin labarin: wa ya ci gyaɗar? Akwai wadda sai an yi tunani: me ya sa Ƙoƙi ba ta tona masa asiri ba, kai da me za ka yi? Ta biyun ita ce mai jawo “saboda” da “da a ce” da “amma”, kalmomin da ke mayar da guntun magana ta zama hujja.

Tatsuniya ɗaya ta isa mako guda. Litinin ka ba da ita. Talata su sake ba da ita, kowane benci ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya. Laraba su yi wasan kwaikwayonta, ɗankwali ya zama rawanin sarki. Alhamis su zana wurin da ya fi burge su, su rubuta jimla a ƙasa. Juma'a ka tattara jimlolin a ɗinke su da zare, ya zama littafin ajin. Zuwa ƙarshen zango kana da littattafai goma da ba wanda ya saya, kuma su ne za ka ga sun fi saurin yagewa don yawan dubawa. Rataya su a igiya a jikin bango inda hannun yaro zai kai. Littafin da ke kulle a kabad ɗin hedimasta don kada ya lalace bai koya wa kowa komai ba.

Idan minti biyar ya rage, cike shi da kacici-kacici. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi. Kada ka tsaya a amsa, tambayi yadda aka yi tsintsiya ta zama shanu. Daga baya su ƙirƙiro nasu a kan alli ko buta. Ko kuma a yi karya-harshe, irin na kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, wanda ya fi kowane atisaye gyara furucin k da ƙ.

Sauran darussa da Turanci

Harshe ba ya tsayawa idan an shiga lissafi. Yaron da ya rubuta 7 a matsayin amsa, ce masa ya faɗi yadda ya samu. A kimiyya kawo ganyen zogale da na darbejiya su taɓa, su sansana, su kwatanta: wannan ya fi wancan faɗi, wannan yana da ɗaci. Kafa ɗan shago a kusurwar aji da gwangwanaye da kuɗin takarda, su yi ciniki, albarka da sallamawa duka.

Batun harshen koyarwa kuwa ya sha juyi a Najeriya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko na yankin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida, sannan a ƙarshen 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da komawa ga Turanci. A Nijar kuwa tun 1973 aka fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Damagaram. Malami ba shi ke yin doka ba, zai bi umarnin da aka ba shi. Amma ko me takarda ta ce, yaro ɗan shekara shida da bai taɓa jin Turanci a gida ba zai fahimci sabon abu ne ta harshen da yake tunani da shi, kuma dabarar haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. Wanda ya iya ta a Hausa zai ɗauke ta ya kai Turanci.

Shi ya sa Turanci a fara shi da baki. Umarni da motsi: tashi, zauna, taɓa kai, buɗe littafi, kana faɗa da Turanci kana yi suna bi. Sai sunayen abubuwan da ke aji, sai gajerun tambayoyi da amsa tsakanin abokan zama. Sautukan da Hausa ba ta raba su ba, musamman p da f, a nuna su da baki: a p leɓɓa biyu suna haɗuwa su fashe, a f haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa iska na fita. Riƙe 'yar takarda a gaban baki su ga yadda take tsalle a p. Dokar nan ta cin tarar wanda ya yi Hausa a makaranta, ko rataya masa wani abu a wuya, a watsar da ita. Ba ta sa yaro ya iya Turanci, shiru kawai take koya masa a harsuna biyu.

Yaron da maganarsa ke da matsala

A kowane aji akwai mai i'ina, akwai mai tsamin baki, akwai wanda shekarunsa sun kai amma maganarsa ba ta wuce kalma biyu ba. Mai i'ina kada ka ƙarasa masa magana, kada ka ce “yi a hankali” ko “ja numfashi”. Dube shi ka jira, ka amsa abin da ya faɗa ba yadda ya faɗa ba, kai ma ka rage saurin maganarka. Sau da yawa i'ina tana sauƙi a waƙa ko karatu tare da wani, to fara ba shi dama a nan. Idan ana kiran suna a jere, kada ka bar shi ƙarshe yana zaune yana jiran fargaba. Kuma ranar farko da wani ya kwaikwaye shi aji ya yi dariya, a ranar za ka kashe maganar.

Mai tsamin baki ka maimaita kalmar daidai cikin amsarka ba tare da ka ce ya yi kuskure ba. Wanda kuma ba ya waigowa idan an kira shi, ko yake kallon bakinka ƙuri, ko kunnensa ke fitar da ruwa, wannan ba aikin bulala ba ne, aikin asibiti ne. Kira iyaye ka ce a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Manyan asibitocin koyarwa suna da shi, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa. Ciwon kunne da aka bari yana cinye ji a hankali. Idan an tabbatar kurma ne, akwai makarantun musamman irin ta Tudun Maliki a Kano, kuma kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu, harshe ce cikakkiya. Yi wa iyaye magana a keɓe, da lallashi, domin wasu za su ji kamar ana aibata ɗansu.

Kafin a tashi, da abin da za a kai gida

Minti biyar na ƙarshe, koma kan jimlar da ke kusurwar allo a karanta ta, sannan yara biyu su faɗi abu ɗaya da suka koya. Aikin gida ya zama wanda uwar da ba ta yi boko ba za ta iya taimakawa: tambayo Inna sunayen kayan miya biyar, tambayo Kaka karin magana ɗaya da ma'anarta, karanta wa ƙanenka wannan jimlar. A taron iyaye ko na kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, ka gaya musu kai tsaye cewa hira da yaro karatu ce, kuma ka roƙi dattijuwa guda ko wani mai sana'a, maƙeri ko majemi, ya zo aji sau ɗaya a wata yara su yi masa tambayoyi. Shirya tambayoyin da su tun jajibiri.

Kowane mako biyu ka ɗauki yara goma ka gwada su ɗaya-ɗaya. Ba yaro ɗan labarin da bai taɓa gani ba, ka duba agogon waya na minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan ka yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. Rubuta adadin kusa da sunansa a bayan rajista, ka gwada shi da adadinsa na baya, ba da na wani ba. Wanda ya matsa, ɗaga shi zuwa rukuni na gaba a ranar. Wanda gwaji biyu a jere bai motsa ba, dawo da shi benci na gaba, ka sake duba kunnensa da idonsa, ka ware masa minti biyar kullum bayan shifta har adadin ya fara hawa.